Tsofaffin rahotannin binciken ruwa da ma'adinai na 1945 zuwa 1970: me za a ɗauka, me za a sake aunawa?

Mai_Tsara_Aiki ya rubuta:

Assalamu alaikum masana. Tambayata a kan rahotannin nan ne da hukumomin binciken ƙasa na gwamnatoci suka riƙa fitarwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda yanzu ake samun hotunansu a intanet. Wanda ke gabana na ƙarshen shekarun 1950 ne. Akwai taswirar duwatsu mai sikelin 1:250,000, da jadawalin rijiyoyin burtsatse, da sakamakon gwajin ruwa, sai babi guda a kan kuza da zinariya da aka ce an gani amma ba su kai a haƙa ba. A jadawalin akwai rijiyar da aka rubuta mata 2,000 gph, wato galan 2,000 a awa, ruwa ya faɗi ƙafa 18 bayan awa 24. Maƙwabtanta uku kuma an rubuta su busassu a zurfin ƙafa 90 zuwa 110. Ana iya dogara da waɗannan lambobin wajen zaɓar inda za a haƙa sabuwa da girman famfon da za a sa? Busassun nan sun isa a haƙura da wurin? Sannan hukuncin da suka yanke a kan ma'adinan yana nan har yau?

Injiniyan_Ruwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ka raba rahoton gida biyu: abin da suka auna da hannunsu, da hukuncin da suka yanke a kan abin da suka auna. Awon yawanci mai kyau ne, wani lokaci ma ya fi na yanzu, don a zamanin ana ajiye mutum a bakin rami yana rubuta abin da ya fito ƙafa bayan ƙafa. Hukuncin ne ya tsufa, domin an yanke shi gwargwadon injin da suke da shi da ruwan da ake buƙata a lokacin.

Galan iri biyu ne. Na Ingila lita 4.546, na Amurka lita 3.785. Rahoton da ya fito daga hukumomin ƙasashen da Birtaniya ta mulka, galan ɗin Ingila yake nufi, na hukumar USGS ta Amurka kuwa nasu galan. Inda ake rikicewa shi ne rahotannin shekarun 1960 da Amurkawa suka rubuta a ƙasashen da ke awo irin na Ingila. A nan sai an duba shafukan farko, yawanci sukan faɗa. Galan 2,000 a awa kimanin lita 9,090 ne in na Ingila ne, 7,570 in na Amurka ne. Wannan tazarar ta kashi 20 cikin 100 ta isa ta sa ka ɗora famfon da zai riƙa zuƙar iska.

Sai ka nemi yadda aka samo lambar. Da yawansu gwajin guga ne: doguwar guga ta ƙarfe mai murfi a gindi ake zurawa a ɗebo, a ƙirga sau nawa aka ɗebo cikin awa, a ninka da abin da take ɗauka. Saurin injin da ke jan gugar ka auna ke nan, ba ƙarfin rijiyar ba. Wasu kuma iyakar famfon gwajin ne. In ka ga rijiyoyi biyar a jere duk lamba ɗaya, ba ƙasar ce ta daidaita su ba, famfo ɗaya aka yi ta yawo da shi.

Taka ta fi waɗannan daraja tunda an ba da faɗuwar ruwa da tsawon lokaci. Ƙafa 18 mita 5.49 ce. Raba lita 9,090 da ita, ka sami kimanin lita 1,660 a awa ga kowace mitar faɗuwa. Da wannan ake kwatanta rijiya da rijiya, ba da yawan ruwan tsura ba. In an yi sa'a akwai karatun minti-minti a ƙarshen rahoton, sake lissafin da kanka, tunda hanyar Theis ta 1935 da taƙaitacciyarta ta Cooper da Jacob ta 1946 su ne dai har yau. Zana faɗuwar ruwa a tsaye, lokaci a kwance a kan takardar da ke tafiya ninki goma-goma, minti 1, 10, 100, 1,000. Ja miƙaƙƙen layi ta tsakiyar ɗigon, ka karanta nawa ruwan ya ƙara faɗuwa daga minti 100 zuwa 1,000. A ce ƙafa 4 ne, wato mita 1.22. Ruwan da ake ja a yini mita kubik 218 ne. Ninka 218 da 0.183, raba da 1.22, T, wato ma'aunin yadda ma'ajiyar ke isar da ruwa, zai ba ka kusan murabba'in mita 33 a yini. Su a rahoton za su rubuta shi 2,200 gpd/ft, wato galan a yini ga kowace ƙafa, wanda ake ninkawa da 0.0149 in galan ɗin Ingila ne, 0.0124 in na Amurka ne.

Amfanin layin shi ne a miƙa shi gaba. Awa 24 minti 1,440 ne, kwana 100 na ja ba tsayawa kuma minti 144,000, ninki goma sau biyu ke nan, ƙarin mita 2.44 a kan 5.49 ɗin. Wannan in ba abin da ya tare ruwan. Dubi wutsiyar layin da kyau: in a awannin ƙarshe ya karye ya ƙara gangarowa, ruwan ya ci karo da iyakar ma'ajiyarsa, bangon dutse ko laka, kuma rijiyar za ta ba da kunya da rani. A ƙasar dutse awa 24 sau da yawa ba ta kaiwa ga wannan karyewar, shi ya sa sabon gwaji gara ya kai awa 48 ko 72, a kuma auna dawowar ruwan bayan an kashe famfo. Mintunan farko a ajiye su gefe, musamman a rijiya mai faɗi, don ruwan da ke kwance cikin ramin ne famfo ke kwashewa.

Busassun nan uku, karanta layin ƙarshe na bayanin kowace. Injin da aka fi haƙa da shi a lokacin na daka ne, ƙarfe mai nauyi a rataye da igiyar waya, a ɗaga a saki. A yashi da laka da ruɓaɓɓen dutse yana tafiya, amma da ya taɓa lafiyayyen giranait sai ya koma 'yan ƙafafu a yini, mai haƙa ya rubuta an kai dutse, a naɗe kaya. Ƙafa 90 zuwa 110 ɗin da ka gani, mita 27 zuwa 34, mai yiwuwa kaurin ruɓaɓɓen dutsen ne kawai. Ruwan da ke cikin tsagar dutse ƙasa da nan ba su je masa ba. Sai da guduma mai aiki da iskar kwamfresa ta yaɗu a aikin rijiyoyi, cikin shekarun 1960 da 1970, aka fara ratsa dutsen cikin sauƙi. Ma'aunin nasara ma daban ne. Ramin da aka haƙa don gari guda ya ba da galan 150 a awa sai a jefa shi cikin waɗanda suka gaza, alhali lita 680 ɗin nan kusan abin da famfon hannu ke buƙata ne. In kuwa bayanin ya nuna laka ce zalla har ƙasa, ko an shiga dutsen sosai ba ɗigo, wannan ka yarda da shi.

Injin daka yana da falala guda: ba a haƙa da laka mai kauri, don haka zurfin da aka rubuta an sami ruwa abin dogaro ne. Inji mai juyawa da laka kuwa yakan toshe bakin ruwan a wuce shi ba a sani ba, ɓarɓashin kuma yana isowa sama a makare, sai a rubuta iyakar yashi da laka ƙasa da inda take.

Matsayin ruwa a kwance, wato inda yake tsayawa in ba a ja, shi ne ba za ka ɗauka a matsayin na yau ba. Awon kansa daidai ne, tef ɗin ƙarfe ake goga wa alli a zura a ciro a ga inda ya jiƙe, kuskuren bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Amma duba ko daga bakin kesin aka auna ko daga ƙasa, da wane wata, sannan wace shekara. A yankin Sahel shekarun 1950 zuwa farkon 1960 na ruwan sama mai yawa ne. Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, fari ya shigo daga ƙarshen shekarun 1960, a 1973 tafkin ya rabu biyu. Matsakaicin kwararar kogi da aka lissafa daga waɗancan shekarun ya zarce abin da aka samu bayansu. A kwarin Chadin dai masu bincike sun kasa ruwan ƙasa shimfiɗa uku, kuma rijiyoyin da aka haƙa cikin ta tsakiya daga ƙarshen shekarun 1950 suna tunkuɗo ruwa da kansu. An bar da yawa suna kwarara dare da rana, ƙarfin ya yi ta raguwa har wasu suka daina. A ma'ajiyar Ogallala ta Amurka akwai sassan Texas da Kansas da ruwa ya sauka fiye da ƙafa 150 daga matsayinsa na wajen 1950. Nemo tsohon ramin in yana nan, auna yau, raba bambancin da yawan shekarun, ka san saurin saukar kafin ka yanke zurfin da famfo zai zauna.

Safiyo_1880 ya rubuta:

Injiniya ya ce a nemo ramin, to nan aikin yake. Lambobin wurin da ke jadawalin ɗigo ne aka ɗora a kan taswira ko hoton jirgin sama sannan aka karanta. A sikelin 1:250,000 milimita ɗaya mita 250 ce a ƙasa, layin da kaurinsa rabin milimita ne ya cinye mita 125. Iyakar duwatsu biyu da ke taswirar ba za ka tsaya a kanta ka ce nan ne ba. Lura kuma da yadda aka ja ta: cikakken layi inda aka ga iyakar a fili, tsinke-tsinke inda aka kintata, ɗigo-ɗigo inda ƙasa ta rufe ta. Masu mayar da taswira cikin kwamfuta sukan haɗe su duka su zama layi ɗaya, shi ya sa hoton asalin takardar ya fi fayil ɗin da aka sake zanawa. Yawancin taswirorin lokacin da hotunan jirgin sama aka yi su. Masanin ya bi hanyoyi da rafuka ya tabbatar da wasu wurare, sauran ya cike daga hoto. Wasu suna da ɗan zane a gefe mai nuna inda aka taka da ƙafa da inda aka cike, kada ka tsallake shi.

Sai datom, tushen da aka gina awon a kai. GPS da datom mai suna WGS84 yake aiki, a lokacin kuwa kusan kowace ƙasa da nata. Na Minna, wato na Najeriya, ya kauce wa WGS84 da wajen mita 80, na Ostireliya na 1966 wajen mita 200, na Tokyo fiye da mita 400, NAD27 na Amurka daga mita 10 zuwa 100 a yawancin jihohi. A manhajar taswira ta QGIS ka fara gaya wa manhajar datom ɗin asali sannan ka juya zuwa WGS84. In ka laƙaba masa WGS84 tun farko, ba ta da hanyar sanin akwai abin gyarawa. Wasu tsofaffin taswirorin Faransa daga Paris suke ƙirga lonjitud, tazarar digiri 2 da minti 20 daga Greenwich, wasu kuma suna raba da'ira gida 400 maimakon 360. Wanda bai lura da na farkon ba zai tsinci rijiyarsa wajen kilomita 250 daga inda take in a ƙasashe masu zafi ne.

Wajen ɗora hoton taswirar a kan na tauraron ɗan'adam, takarda takan miƙe ko ta takure, don haka maki huɗu na kusurwa ba su isa ba. Ɗauki takwas zuwa goma a warwatse: kan tsauni, tsohuwar gadar jirgin ƙasa, mahaɗar rafukan da ke gudana a kan dutse. Hanyar mota da ƙauye suna tashi daga wurinsu, kogin yashi ma haka. In bayanin wurin da sarƙar awo da kamfas aka yi, sarƙa ɗaya ƙafa 66 ce, mita 20.12, kuma arewar kamfas ta waccan shekarar ba ita ce ta bana ba. Gefen taswirar yakan ba da kaucewar da shekararta.

Tsayin bakin rijiya daga teku sau da yawa da ma'aunin nauyin iska aka ɗauka, wanda ke iya ɓata da mita 5 zuwa 10. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inda ruwan ƙasa ke gangara mita ɗaya a kilomita, wannan kuskuren zai juya maka alƙiblar kwararar gaba ɗaya.

Mai_Gwajin_Ruwa ta rubuta:

Malam, a sakamakon gwajin ruwan fara duba abin da babu. Ɗakunan gwajin lokacin sun iya auna manyan gishirai sosai, kalsiyam, magnesiyam, kuloraid, salfet, baikabonet, kuma waɗannan a ruwa mai zurfi ba sa saurin canzawa. Asenik mai guba kuwa da wuya ka gan shi a jadawali, fuloraid ma ba kullum ba. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyi daga shekarun 1970 don a rabu da ruwan kududdufi, ba a gwada asenik ba, sai a 1993 aka tabbatar yana ciki. Mizanin ma ya sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 1958 ta yarda da asenik har miligiram 0.2 a lita, a 1963 ta mai da shi 0.05, daga 1993 ya koma 0.01. In rahotonka ya ce ruwan ya dace da sha, da mizanin zamaninsa yake magana.

Ma'aunan ma akwai tarko. A ruwa mara gishiri ppm, wato kashi cikin miliyan, daidai yake da miligiram a lita. Amma rahotannin Birtaniya da yawa kashi cikin 100,000 suke rubutawa, sai an ninka da 10. Mai gaggawa zai ga kuloraid 60 ya ce lafiya lau, alhali 600 ne. In gpg ne, wato ma'aunin nauyi na grain a kowane galan, a ninka da 14.25 ga galan ɗin Ingila, 17.1 ga na Amurka. Naitiret kuma a duba ko naitirojin ɗin cikinsa aka rubuta. In haka ne a ninka da 4.43, don 11 ɗin can shi ne 50 ɗin da ke iyaka yau. Ko an juya daidai ma, tsohon naitiret ba ya faɗin komai game da yau in an yi gidaje da masai da gonakin taki a kan wurin.

Kafin na'urar auna gishiri da harshen wuta ta yaɗu a shekarun 1950, sodiyam da potasiyam lissafa su ake yi: a tara sauran, giɓin da ya rage a ce nasu ne. Alamarsa ginshiƙi ɗaya mai taken Na+K. In ka gwada daidaiton caji, wato daidaito tsakanin sinadarai masu cajin + da masu cajin −, wanda ake so kada ya kauce da fiye da kashi 5 cikin 100, zai fito sifili cif ka ɗauka aikin ya yi kyau, nan kuwa duk kuskuren sauran an zuba shi cikin sodiyam. Mai niyyar noman rani ya kiyaye, a kan wannan lambar ake lissafa illar ruwan ga ƙasa.

Ƙarfe da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, kada ka amince da su sam. Kwalbar takan yi kwanaki ko makonni a hanya ba a ɗiga mata asid ba, ƙarfen ya kwanta ja a gindinta, iskar kabon ta fice, pH ya hau. Ruwan da yake 5.8 a bakin rijiya sai ya iso ɗakin gwaji yana kusan 7. A kan wannan ne mutum zai sa bututun ƙarfe mai rufin tutiya, ruwan ya cinye shi cikin 'yan shekaru, inda roba ko ƙarfe mara tsatsa ya kamata. A bakin rijiya ake auna pH.

Dakta_Ma'adinai ya rubuta:

Maganar ba su kai a haƙa ba tana rataye ne da abu uku, farashi, hanyar tacewa, da abin da na'urarsu ke iya gani, kuma duka ukun sun sauya. Zinariya dala 35 ce kowace oza a hukumance tun 1934 har farkon shekarun 1970. Neman ta kuma da wanke ƙasa a kasko ake yi, wanda ba ya kama sai ƙwayar da ido ke gani. Na'urar ƙona samfuri a karanta haskensa, wadda aka fi amfani da ita wajen gwada samfura masu yawa, ba ta ganin zinariya sai ta kai wajen giram 10 a tan, alhali yau akwai mahaƙan da ke aiki da giram 1. Zinariyar Carlin ta jihar Nevada ƙanana ce har kasko ba ya riƙe ta, masu nema sun yi shekaru suna wucewa ta kanta, sai a farkon shekarun 1960 aka gano, aka fara haƙa a 1965. To in jadawalin ya ce ba a ga zinariya ba, tambayi da me aka duba. In an ce narkawa a wuta aka yi, wannan gwajin mai ƙarfi ne har yau.

Juyin ma'auni: oza ɗaya a gajeren tan na Amurka, mai kilo 907, giram 34.3 ce a tan na yanzu. Rahotannin Birtaniya da ƙaramin ma'aunin nauyi dwt suke rubutawa, giram 1.555 kowanne, a dogon tan mai kilo 1,016, wato giram 1.53 a tan. Kuzar cikin yashi laba a yadi kubik ce, a ninka da 0.593 a sami kilo a mita kubik, sannan a duba ko baƙin yashin kuzar da aka tace ake nufi, wanda ƙarfen cikinsa wajen kashi 70 ne, ko ƙarfen kansa.

Kuzar kwari da bututun Banka ake gwada ta, na inci 4 da mutane ke juyawa da hannu ana kwashe abin da ya shiga. Kuskurensa ta fuska biyu ne. A yashi mai ruwa ƙasa takan kutso daga gefe ta cika bututun fiye da girmansa, lambar ta kumbura. A tsakuwa kuma dutse ɗaya ya toshe baki ya ture sauran, lambar ta ragu. Kuzar mafi kauri tana kwance ne dab da dutsen gindi, ramin da bai taɓa shi ba bai faɗi komai ba. Zurfin da aka ce ya yi yawa don haƙan hannu ba lalle ya gagari injunan yau ba. Ka kuma duba abin da suka zubar. Ma'adinin kolumbait tarkace ne a wurin masu kuza a tudun Jos kafin a san darajarsa, sai ga shi a farkon shekarun 1950 Amurka na saye tana tarawa, aka koma tonon tsofaffin juji. Litiyam da tantalam da ke cikin jijiyoyin dutsen da ke ɗauke da kuza suna iya zuwa a rahotonka a layi ɗaya na bayanin dutse, ba a babin ma'adinai ba. Ni a ganina bayanin dutsen ya fi babin ma'adinan amfani.

Samfurin lakar rafi ana tankaɗe shi da rariya mai lamba 80, ramukanta wajen milimita 0.18, a gwada a fili da wani koren ruwa da ke komawa ja in akwai tutiya ko dalma ko tagulla. Da ido ake kwatanta launin, don haka lambobin na nuna inda ya fi wani ne kawai. Kada ka haɗa su da sababbi a taswira ɗaya. Wurin da ƙarfe da manganis suka taru a rafi yakan ba da ja na ƙarya, don suna kama sauran ƙarafa.

Ramukan ciro sandar dutse na lokacin sirara ne, milimita 21 ko 30, na yau 47.6 ko 63.5. Duba ginshiƙin kashi nawa aka ciro. Inda aka ciro kashi 40, abin da ya ɓace yawanci shi ne mai laushi da tsaga, wato inda ma'adinin yake. Karkatar ramin da kwalbar asid ake aunawa, tana ba da gangara ba ta ba da alƙibla, don haka ƙarshen dogon rami na iya kaucewa da mita goma-goma. Binciken jirgin sama na neman yuraniyam a shekarun 1950 jimillar haske kawai yake ƙirgawa, ba ya raba yuraniyam da toriyam da potasiyam, giranait na banza ma sai ya haska, kuma daga saman ƙasa kamar santimita 30 zuwa 50 kawai yake karantawa. Na maganaɗisu ya fi daɗewa da amfani, ma'auninsa na da mai suna gamma ɗaya daidai yake da nanotesla ɗaya na yau, sai dai da hoto aka gane inda jirgin ya bi.

Akasin haka ma yana faruwa: lamba mai tsoka daga dutse ɗaya da aka tsinta don ya yi kyau. In ba a faɗi faɗin da aka yanka samfurin ba, ba daraja ce ta jijiyar ba. Adadin tan da tsohon rahoto ya bayar kuma, ko da rukunin A, B, C1, C2 na Tarayyar Sobiyet ne, dokokin kasuwa na yau irin JORC na 1989 da NI 43-101 na Kanada na 2001 ba sa karɓarsa a matsayin ajiya sai an sake haƙa wasu ramuka kusa da tsofaffin an tabbatar.

Mai_Tsara_Aiki ya rubuta:

Allah ya saka da alheri. Na duba, ba a faɗi wane galan ba ne, ba a kuma faɗi datom ba. Biyu daga busassun an rubuta sun tsaya a kan dutse, ta ukun laka ce har ƙasa. Akwai dabarar gane galan ɗin daga cikin rahoton?

Tsohon_Mai_Haƙa ya rubuta:

Akwai, Malam. Nemi wurin da suka ba da abu ɗaya da ma'auni biyu, kamar tanki mai girman ƙafa kubik da galan. Ƙafa kubik ɗaya galan 6.23 ce ta Ingila, 7.48 ta Amurka. In kuma sun ce galan na ruwa laba 10 ne, na Ingila ne. Na Amurka 8.34. In babu ko ɗaya, yi lissafin famfo da ƙaramin. Datom kuma nemo tabbatattun wurare uku da ke da lamba a rahoton, ka ɗauke su da GPS. In duka sun kauce gefe ɗaya da tazara ɗaya, ka sami gyaranka.

Abu biyu zan ƙara wa Injiniya. Ba duk bayanin rami ne masanin dutse ya rubuta ba, da yawa mai haƙa ne, kuma shi da jin tauri yake sa suna. Dutsen da ya ce ya tsaya a kai na iya zama ƙaton dunƙule ne a tsakiyar ruɓaɓɓen dutse, ko ɓawon marmara, da taushi a ƙarƙashinsa. Kafin ka kawo inji ja layin gwajin lantarki mai nuna kaurin shimfiɗun ƙasa ta kan ramuka biyun nan, tazarar sanduna biyu na ƙarshen layin ta kai aƙalla mita 200, ka yi amfani da zurfin da suka rubuta ka daidaita fassarar, don karatu ɗaya yana iya dacewa da kauri daban-daban. Ta ukun mai laka ka matsa daga gare ta.

Sannan ruwan ƙasa ba kullum sauka yake ba. A kudu maso yammacin Nijar ya hau da wajen mita 4 daga shekarun 1960 duk da farin, saboda sare daji ya sa ruwan sama na gudu ya taru a tafkuna ya nutse. Inda aka kawo madatsar ruwa da noman rani ma yakan hau, ya taho da gishiri. In ka sami tsohon ramin, zura ma'auni har gindi ka ga ko ya cike da yashi, ka zuba ruwa bokiti biyu ka ga ko zai koma matsayinsa. In ya tsaya cak, ramin ya toshe, kuma abin da ka auna ruwan da ya maƙale a cikin kesin ne.